Gawon Baffa da mangwaron jikoki: wa ke da icce a gonakin Kurni?

A ƙarshen makon farko na watan Agusta na kwashi iyalina daga Damagaram muka nufi Kurni, garin da aka yanke wa mahaifina cibiya. Mu biyar ne a mota, ni da uwargida da yara uku, sai na shidanmu a bayan kujera: dashen mangwaro mai aure, tsawonsa bai wuce kamu biyu ba, yana cikin baƙar leda. Muka bi ta Tirmini, muka karya kudu a Takeita, muka ratsa Kance da Matamaye, sannan muka gangara wajen iyakar Nijeriya. Lakwal tana hutu, yaran nan kuwa sun san hatsi a tiya, ba su san shi a tsaye ba. Niyyata su ga gona ranar Asabar, ranar Lahadi mu dasa mangwaron, mu ɗauki hoto, mu koma gida.

Baffana, ƙanen mahaifina, shi ne babba a gidan yanzu. Bayan an gaisa an sha fura, ya ɗaga ledar ya dubi dashen, ya yaba, sannan ya ce da ni: "Mushe, a gonar wa za ka dasa shi?"

Na ce, "A gonarmu mana, Baffa."

Ya ce, "Gonarmu ta mutum nawa ce?"

Nan na yi shiru. Tun rasuwar kakanmu ba a raba gandun ba. Akwai kason mahaifina, akwai na Baffa, akwai na ƙanensu, akwai na gwaggonmu, duk a haɗe. A ƙasar Hausa kuwa kowa ya san wanda aka ba aron gona ko ya karɓe ta jingina yana iya shuka hatsi da wake, amma ba ya dasa icce, domin icce shaida ne. Hatsi wata uku ne ya tashi, mangwaro kuwa yana iya binne wanda ya dasa shi, ya tsaya yana faɗa wa jikoki cewa nan wurin na wane ne. Na zo da kyauta a tunanina, ashe a idon wasu 'yan uwa da takardar mallaka na zo.

Tambayar Baffa ita ta sa na zauna na rubuta wannan, domin tarihin itatuwan yankinmu kusan duka amsar wannan tambaya ce. Duk lokacin da amsar ta canza, fuskar gonakin ma ta canza.

Da safiyar Asabar muka fita. Hatsi ya kai ƙugu, wake yana yaɗo a ƙarƙashinsa, ko'ina kore shar. A tsakiyar wannan kore sai ga manyan itatuwa tsirara, ba ganye ko ɗaya. Autana ya ja rigar Baffa ya ce, "Kaka, waɗannan sun mutu, me ya sa ba a sare su ba?" Baffa ya yi dariya ya ce, "Abokina, wannan gawo ne, barci yake yi. Idan kowa ya bushe shi zai farka." Haka halinsa yake: yana zubar da ganye da damana, ya yi sabo da rani. Saboda haka ba ya tare wa hatsi rana, ganyen da ya zubar ya zama taki, saiwarsa tana ƙara wa ƙasa ƙarfi, dabbobi kuma su taru a inuwarsa da bazara suna cin 'ya'yansa suna barin kashi. Na sa yaran suka gwada tsayin hatsin da ke gindin gawo da na nesa da shi, da jikinsu suka auna. Gani ya kori ji.

Magabata sun san wannan tun kafin a rubuta shi a littafin kimiyya. Sarkin Damagaram Tanimun, wanda ya yi mulki daga 1851 zuwa 1884, shi ne ya kewaye birnin Zinder da ganuwa, kuma a zamaninsa ikon Damagaram ya miƙe kudu zuwa waɗannan ƙasashe. Har yau ana ba da labarin cewa ya kafa doka mai tsanani a kan gawo: wanda ya sare shi a bakin ransa, wanda ya illata shi a bakin hannunsa. Amsar wancan zamani ke nan: icce na sarki ne, tsoron sarki ke tsare shi. Sai dai manomi yana cin moriyarsa a gonarsa, dabbarsa ta ci, hatsinsa ya yi kyau, don haka dokar sarki da buƙatar talaka suka bi hanya ɗaya.

Faransawa suka kama Zinder a 1899. Ranar 4 ga Yuli 1935 suka fitar da dokar gandun daji ta ƙasashen da suke mulka a Afirka ta Yamma. Dokar ta ce dajin da ba shi da mai shi na hukuma ne, ta kuma keɓe wasu itatuwa da ba a taɓa su sai da izini. A kan takarda kariya ce. A gona kuwa ma'anarta ita ce an raba manomi da iccen da ke tsaye a tsakiyar shukarsa. A daidai wannan zamani gyaɗa ta zama kuɗin haraji da kuɗin aure. Ƙasar Matamaye da Magarya ta zama cibiyar gyaɗa, har aka kafa masana'antar matsar mai a Matamaye, bayan samun 'yancin kai kuma aka kafa kamfanin SONARA a 1962 don sayen gyaɗar. Malaman gona na lokacin suna koyar da cewa gonar kirki ita ce wadda aka share ƙal, aka tumɓuke kututture don garmar shanu ta wuce ba tangarɗa. Manomin da ya bar tsiro a gonarsa sai a kira shi rago.

Mulkin kai bai sauya amsar ba. Dokar gandun daji ta 4 ga Maris 1974, wadda aka sa wa hannu makonni kaɗan kafin sojoji su kifar da gwamnatin Diori Hamani, ta bi sawun ta Faransawa. Gawo da kuka da tsamiya da giginya da goruba duk suna cikin jerin itatuwan da aka hana taɓawa, ko da a gonar mutum suke. Baffa ya tsaya a gindin wani gawo ya ba yaran labarin abin da ya gani da idonsa yana saurayi. Wata bazara abinci ya ƙare wa tumakinsu, kakanmu ya sa shi ya hau ya sassaro musu rassa. Wani mai kaki ya iske su, aka ci kakanmu tara, sai da ya sayar da tunkiya ya biya. Baffa ya ce, "Daga ranar, duk tsiron gawon da muka gani lokacin sassabe, tun yana ƙarami muke cire shi. Wa zai reni abin da zai jawo masa tara?"

Ina roƙon malamai su tsaya a kan wannan magana, domin a cikin littattafanmu ana yawan cewa jahilci ne ya sa manoma suka ƙarar da itatuwa. Mutumin da ya san amfanin gawo fiye da mai kakin, shi ne yake cire shi, kuma lissafinsa daidai ne. Dokar da aka yi don tsare icce ita ta mai da icce abokin gaba.

Sai fari ya zo. Daga 1968 zuwa 1974 ruwa ya yi ta ƙaranci a duk faɗin Sahel, dabbobi suka mutu, a 1975 kuma cuta ta faɗa wa gyaɗa ta durƙusar da nomanta a Nijar da arewacin Nijeriya. A 1984 aka sake shiga wata yunwar, wadda mutanenmu suke kira El Buhari, saboda ta zo daidai da lokacin da gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin Nijeriya. Ga mutanen Kurni da suka saba in ta ɓaci su tsallaka Daura ko Kano ci-rani, rufe iyakar nan ya zama ƙari a kan ƙari. Wanda ba shi da abin sayarwa sai ya sari icce ya kai kasuwa. Baffa ya ce a shekarun nan idan ka tsaya a bakin gari kana hango mai tafiya tun daga nesa, ba abin da ya tare ido. Iskar farkon damana ta kwaso rairayi ta binne shuka, sai an yi shuka sau biyu ko sau uku kafin ta kama.

Hukuma ba ta zauna ba. Tun 1975, a zamanin Seyni Kountché, aka mai da ranar 3 ga Agusta, ranar samun 'yancin kai, ta zama ranar dashen itatuwa, aka zaɓi tsakiyar damana don dashe ya samu ruwa. A shekarar ce kuma aka fara dasa layukan dogon yaro a kwarin Majiya, ƙasar Buza, don tare iska, aikin da ya yi nasara har ake misali da shi. A watan Mayu 1984 aka yi babban taron ƙasa a Maraɗi kan yaƙi da hamada, aka ɗauki alkawarin da ake kira da sunan garin. An dasa itatuwa da yawa a waɗannan shekaru, wasu suna nan suna ba mu inuwa a bakin hanyoyi da harabar lakwal. Amma duk wanda ya yi makaranta a lokacin ya san sauran labarin. Ni kaina na dasa icce a irin wannan rana ina ɗan firamare, da waƙa da tafi. Da muka dawo hutu a watan Oktoba, awaki sun riga mu. Ba wanda aka ce nasa ne, don haka ba wanda ya yi masa shinge.

Canjin da ya dawo da itatuwa ya fito ne ta wata hanya. A 1983 wani ɗan ƙasar Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, wanda yake aikin gona da mishan ta SIM a Maraɗi, ya gaji da dashen da ke mutuwa. Ya lura cewa 'yan ƙananan tsirran da ake sarewa kowace shekara lokacin sassabe rassa ne da suke fitowa daga kututturen itatuwan da aka sare, saiwarsu tana nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Idan aka zaɓi reshe ɗaya ko biyu masu ƙarfi aka bar su, aka rage sauran, cikin 'yan shekaru sai ga icce, ba reno a leda, ba ban ruwa. Wannan shi ne abin da ake kira sassaben zamani. A yunwar 1984 aka haɗa shi da rabon abinci: ka bar tsiro a gonarka, a ba ka hatsi. Aka bar dubban ɗaruruwan itatuwa. Da rabon abinci ya ƙare, kusan kashi biyu cikin uku aka sare su. Waɗanda suka bar nasu kuwa suka fara samun itacen girki da abincin dabbobi, maƙwabta suka gani suka kwaikwaya. Buhun hatsi ya sa an gwada, amma amfanin da mutum ya gani a gonarsa shi ya sa abin ya zauna.

A nan kudancin Damagaram abin ya fi ba masana mamaki. A 2006 Mahamane Larwanou, masanin itatuwa ɗan Nijar, da abokan aikinsa, cikinsu har da Chris Reij ɗan ƙasar Holan, suka yi bincike a Magarya da Matamaye da Mirya. Suka tarar da kimanin hekta miliyan 1 na gonaki cike da itatuwa, mafi yawansu gawo ne matasa, kuma ba dasa su aka yi ba. Gray Tappan na hukumar binciken ƙasa ta Amurka ya gwada hotunan sama na 1975 da na tauraron ɗan adam na bayan shekara 30, aka ga garuruwan da mutane suka ƙaru, itatuwa ma sun ƙaru. Ƙiyasin da aka yi wa ƙasar baki ɗaya ya kai hekta miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200. Yankinmu yana cikin mafi cunkoson jama'a a Nijar, gonaki sun ƙanƙance, babu sauran saura da za a bar ƙasa ta huta, babu kuɗin takin zamani. Manomi ya koma ga takin da ya gada, wato gawo. A lokaci guda kuma, daga ƙarshen shekarun 1980 zuwa rikicin siyasa da na tattalin arziki na shekarun 1990, hannun hukuma ya yi sauƙi a karkara, mutane suka fara ɗaukar iccen gonarsu a matsayin nasu.

Doka ta biyo baya a hankali. Kundin dokokin karkara na 2 ga Maris 1993 ya amince da mallakar gona ta hanyar gado da al'ada, ya kuma kawo kwamitocin kula da filaye, waɗanda a yau suke har matakin ƙauye a ƙarƙashin maigari. A 2004 aka yi sabuwar dokar gandun daji da ta maye gurbin ta 1974. Ranar 30 ga Yuli 2020 gwamnati ta fitar da doka ta musamman a kan sassaben zamani, wadda ta tabbatar wa manomi haƙƙin cin moriyar iccen da ya rena a gonarsa. Tsakanin dokar Faransawa da wannan shekara 85 ke nan. A 2018 an ba Rinaudo lambar yabo ta Right Livelihood a ƙasar Suwidin, tare da Yacouba Sawadogo, manomin Burkina Faso. Sun cancanta. Amma mafi yawan masu aikin irin su Baffa ne, waɗanda ba su taɓa jin sunan lambar ba, addarsu ce kawai ta koyi tsallake tsiro.

Da yamma muka gangara fadama inda garkar gidanmu take, kusa da rijiya. Ƙasar Kance da Matamaye ta yi suna da irin waɗannan garake, rake da rogo da kayan miya da mangwaro. A nan Baffa ya nuna mini bambancin da ban yi tunaninsa ba. Ya ce gawo ɗan gida ne, abin da yake so a ƙyale shi kawai. Mangwaro kuwa baƙo ne, asalinsa daga ƙasar Indiya, kuma baƙo sai da hidima. A gonar tudu ba zai kai bazara ba. Yana son wuri mai ruwa kusa, rami mai faɗi da zurfi, ruɓaɓɓen taki, toka saboda gara, shingen ƙaya saboda awaki, da mai ba shi ruwa tun daga ɗaukewar damana har faɗuwar wata, shekara biyu ko uku. Ya ce, "Kai kana Damagaram. Ranar Litinin wa zai ɗauki guga?"

Daren nan aka zauna. Baffa ya kira ƙanensa, aka aika wa gwaggo ta zo da babban ɗanta. Ba a yi faɗa ba, amma an faɗi gaskiya. Ɗan gwaggo ya ce abin da yake tsoro shi ne yau mangwaro ɗaya, gobe biyar, ranar rabo a ce gefen rijiya na 'yan birni ne, kason mahaifiyarsa a tura shi tudu. Ban ji haushinsa ba, domin an sha yin haka, kuma mata ne suka fi cutuwa. Aka yi ta magana har aka tsaya a kan abu uku. Mangwaron na jikokin gidan ne duka, maza da mata, na gari da na birni. Ba zai zama shaidar iyaka ba ranar da za a raba gado, kuma za a faɗi haka a gaban maigari. Wani ɗan ƙanen Baffa mai shekara 13 shi zai riƙa ba shi ruwa, ni kuma na ɗauki kayan karatunsa na shekara. Baffa ya ƙara da nasa: kafin a yi girbi biyu a kira malamai a raba gandun, kowa ya san nasa, tun masu sanin iyaka suna da rai.

Da hantsin Lahadi aka haƙa rami. Babbar 'yata ta yanke ledar a hankali don kada ƙasar saiwar ta watse, aka saka dashen, aka kula wurin auren ya tsaya sama da ƙasa. Gwaggo ta zuba ruwan farko, ta tuna mana cewa duk abin da mutum ko tsuntsu ko dabba ya ci daga abin da ka dasa, sadaka ce gare ka. Yara suka jawo ƙayar magarya aka kewaye shi, ƙaya ta soki autana ya yi kuka, Baffa ya ce, "Abokina, ka biya kuɗin mangwaronka ke nan." Mai aure yakan fara 'ya'ya cikin shekara uku zuwa huɗu. Baffa ya ƙirga da yatsu ya ce in Allah ya kai shi zai ci, in bai kai shi ba a kai wa makarantar allo kwandon farko.

Kafin mu tafi ya sake jan yaran zuwa gonar tudu, ya nuna wa kowannensu tsiron gawo guda, ya koya musu yadda ake zaɓen reshe mai ƙarfi a rage na gefe. Ya ɗaura tsumma a jikin kowane, launi daban-daban, ya ce wannan na wance ne, wannan na wane ne. Babbar ta tambaye shi, "Kaka, mace ma tana da icce?" Ya ce, "Amaryata, je ki Mirya ki ga matan da suke da kukokinsu, suna sayar da ganye suna yi wa 'ya'yansu kayan ɗaki."

Ga 'yan uwana malamai da iyaye, abin da na ɗauko daga wannan tafiya kaɗan ne. Idan 3 ga Agusta ta zagayo, ko damana ta sauka a inda kuke, kafin a haƙa rami a amsa tambayoyin Baffa: wurin na wa ne, iccen na wa ne, wa zai ba shi ruwa a watan Afrilu? A lakwal, gara icce goma da kowanne yake da aji ko yaro mai kula da shi, da wanda zai karɓe shi lokacin hutu, da ɗari da za a dasa don baƙi su yi tafi. A darasin tarihi kuma, idan an zo kan Tanimun da zuwan Faransawa da yunwar 1984, a fita da yara gindin gawo mafi kusa, a kira wani tsoho ya faɗa musu shekarun iccen da abin da ya sa aka bar shi. Iyayen da suke birni su kai yara gida su ga gona, su kuma zauna da 'yan uwa a kan maganar gado tun ana dariya.

Makon jiya yaron ya kira ni da wayar Baffa, ya ce mangwaron ya fitar da sabon ganye ja guda shida, akuya kuma ta gwada shingen ba ta samu shiga ba. Allah ya raya shi, ya ba mu damana mai albarka.